Malam Daidai, Yayan Bahago

Haihuwa da asali

An haifi mutumin da jama'a suka fi sani da Malam Daidai a farkon shekarar 1948, a unguwar kafintoci ta garin da ya rayu a cikinsa har ƙarshen ransa, a wani gida mai ɗaki uku da ke bayan shagon mahaifinsa. Mahaifin kafinta ne da ya yi suna wajen ƙofofi da tagogi da firam ɗin madubi, mutum mai ƙarancin magana da yawan awo. Mahaifiyar kuwa wanki da guga take yi wa gidajen ma'aikata, saboda haka tsakar gidansu ba ta rabuwa da igiyoyi da jiƙaƙƙun tufafin mutane. Shi ne ɗansu na fari, kuma ya yi shekara huɗu shi kaɗai, komai nasa ne, daga cinyar uwa har guntayen katakon da ke faɗowa ƙarƙashin bencin uba.

A shekarar 1952 aka haifa masa ƙane. Tun yaron yana rarrafe aka lura da hagu yake miƙa hannu. Aka yi faɗa, aka yi ta buge hannun har aka gaji, sunan Bahago ya bi shi ya danne sunansa na gaskiya. Shi ma babban bai tsira daga laƙabi ba. Yana ɗan shekara bakwai ya fara riƙe wa mahaifinsa ma'aunin magina, irin mai ɗigon ruwa a tsakiya, idan ana kafa taga, kuma da zarar ɗigon ya tsaya tsakanin layukan nan biyu sai ya ce "daidai" da murya irin ta alƙali, leburori su yi ta dariya. Tun ana kiransa haka da tsokana har ya zama ko a makaranta da shi ake kiransa.

Duk yaran biyu sun tashi da son zane, amma kowa da ɗabi'arsa. Babban sai ya nemi takarda mai tsabta, ya ja layin gefe da rula, ya feƙe fensir, sannan ya fara. Ƙaramin gawayi yake ɗauka ya far wa bangon tsakar gida. A shekarar 1958 babban ya ɓata kwanaki yana zana motar ɗaukar kaya, da tayoyinta da ƙusoshin tayoyin cif, ya kai wa mahaifiyarsu. Ta ce Allah Ya yi albarka, ta ɗora takardar a kan kwandon guga. Da yammacin ranar ta tarar Bahago ya zana maƙwabciyarsu mai masifa a jikin bango da 'yan layuka, ga ta nan a zanen ta riƙe ƙugu, baki a buɗe. Uwar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta leƙa waje ta kira matan layin su zo su gani. A ranar Daidai ya fara sanin ɗacin hassada, kuma ba su ƙara rabuwa ba. Wanda yake son a ɓoye masa wannan sai ya nemi wani tarihin ya karanta.

Karatu

An sa shi a makarantar firamare a 1955, ya wuce sakandare a 1962, kuma a 1967 ya ci jarrabawar shiga kwalejin koyon zane da ƙira da ke babban birni, abin da ba ɗan unguwarsu da ya taɓa yi. A kwaleji ya kasance ɗalibi mai himma da kiyaye ƙa'ida. Ya ƙware a ilimin nisa da kusa, ya haddace ƙirar jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa, ya san wane launi ke kashe wane, kuma bai taɓa miƙa aiki a makare ba. Sai dai akwai wani tsohon malami da ya duba aikinsa na shekarar ƙarshe, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce masa zanen ba inda za a gyara, kuma ba inda mutum zai tsaya. Daidai ya ɗauki maganar a matsayin rikicin tsufa, amma ya riƙe ta a ransa har ya mutu.

A daidai wannan lokaci aka kori Bahago daga aji uku na sakandare, bisa laifin zana shugaban makaranta a allo da kunnuwa kamar faifai. Da labarin ya isa kwaleji, Daidai ya rubuto wa iyayensu jaje mai tsawo, ya ce abin ya dame shi ƙwarai; a zuci kuwa wani sanyi ya ji, domin a ganinsa yanzu hanya ta rabu, shi ga shahada, ƙane ga bakin titi. Bahago ya shiga sana'ar rubuta allunan shaguna da yi wa bayan manyan motoci ado. Kafin shekara biyu ba mai aski ko mai gyaran rediyo a garin da yake jin shagonsa ya cika shago in ba hannun Bahago a ƙofarsa.

Daidai ya dawo gida a 1970 da takardar shaidarsa, mahaifinsa ya yi mata firam na katako mai kyau ya rataye a shago. Amma duk inda ya shiga a gari ya gabatar da kansa, sai a washe baki a ce au, ashe yayan Bahago ne, a jawo masa kujera. Shekara uku na karatu a birni, ga abin da suka saya masa.

Aiki, aure da iyali

A 1971 ya kama aikin koyar da zane a makarantar sakandare ta garin, ya yi shekara goma yana yi, ɗalibai suna jin tsoronsa suna kuma amfana da shi. A 1974 ya auri wata ungozoma da ke aiki a asibitin gari, mace mai tsafta da riƙon gida, wadda ba ta iya tauna magana kafin ta faɗe ta. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1975 da 1988, mata uku da maza biyu. Bahago ya yi nasa auren a 1978 da wata tela mai sanyin hali, suka haifi uku.

Mahaifinsu ya rasu a 1977, mahaifiyar ta bi shi a 1980. Wasiyyarta ga babban ɗanta guda ce, ya riƙe ƙaninsa, domin shi Bahago hannunsa a sake yake kuma kansa ba ya ɗaukar lissafin duniya. Kada a zalunci mamaci: Daidai ya riƙe wasiyyar. Shi ya tsaya a auren, shi yake kai yaran asibiti, kuma shi ya sayo wa Bahago fentin mai da ƙyallen zane na farko da ya taɓa riƙewa, yana cewa ya gwada aikin mutunci ya huta da hawa tsani. Bahago ya gwada. Zanensa na farko a ƙyalle, wasu mata ne suna jiran mota a tasha, kuma mai wani otal ya gan shi a jingine yana bushewa ya hana kowa sakat sai da aka ba shi. Daidai ya je ya ga zanen a falon otal ɗin, ya dawo gida ya kasa cin abinci, ya ce wa matarsa kansa ke ciwo.

Buɗe Zaure

A 1981 ya ajiye aikin koyarwa, ya share tsohon shagon mahaifinsu, ya shafe shi da farin fenti, ya mai da shi wurin baje kolin zane-zanen zamani, irinsa na farko a garin da ba na hukuma ba kuma ba na wani kamfani ba. Ɗaki ne dogo guda ɗaya, da babbar taga a sama ta gefen gabas, wadda haskenta ke sauka da safe a kan bangon da ke kallon ƙofa. Wannan bangon gaba shi ne wuri mafi daraja, duk wanda ya shigo da shi zai fara yin ido huɗu. Ta baya kuma akwai wani siririn lungu mai duhu da ke kai mutum ɗakin ajiya da banɗaki. Mutane suka riƙa kiran wurin Zaure kawai, sunan ya zauna.

A nan baiwarsa ta gaskiya ta bayyana, ko da yake shi bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Ya san tsayin da za a kafa ƙusa don zane ya dace da idon mai kallo, ya san wane aiki zai zauna kusa da wane ba tare da sun yi faɗa ba. Ya buɗe ƙofa ga matasan da ba su da kowa: masu zane, masu ɗaukar hoto, wani mai walda da ke haɗa mutum-mutumi da tsofaffin ƙarafan keke, da wata mata da ke saƙa manyan labule da ledojin da aka zubar. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna daga baya, a bangonsa aka fara ganinsu.

Baje koli na farko nasa ne shi kaɗai. Jama'a suka zo, suka sha lemo, suka yaba kyan firam, suka tafi. Na biyu na haɗaka ne, kuma Bahago ya kawo zane uku. Daidai ya rataye nasa a bangon gaba, ya kai na ƙaninsa lungun banɗaki, ya ce a can ne launinsu zai fi fitowa. A ranar buɗewa lungun ya cika har mai son shiga banɗaki sai ya nemi alfarma, bangon gaba kuwa shi da mai shi suka tsaya suna kallon juna. Hujjar da Daidai ya kafa wa kansa ita ce suna ne ke aiki: Bahago ɗan kasuwa ne, kowa abokin wasansa ne, ko tabarma ya rataye za a taru a yaba.

Baje kolin da ba suna

Don ya tabbatar da wannan hujja, a 1984 ya ƙirƙiro tsarin da Zaure ya shahara da shi. Sau ɗaya a shekara za a yi baje koli na wata guda wanda ba a sa sunan kowa. Kowane mai zane zai kawo aikinsa a nannaɗe, ta ƙofar baya, ya damƙa shi a hannun Daidai shi kaɗai, ba shaida ba ɗan rakiya. Ba a yarda da sa hannu ba, ko a gaba ko a bayan ƙyalle. Duk tsawon watan an hana mai aiki ya ce nawa ne, an hana shi ya ce ba nawa ba ne. Sai ranar rufewa ake manna katin suna a ƙarƙashin kowane zane a gaban jama'a. A jawabinsa na buɗewa ya ce manufar ita ce a 'yantar da ido daga bautar suna, aka tafa masa, jaridu suka ɗauka.

Tsarin ya karɓu fiye da yadda ya zata, har mutane suna zuwa daga wasu garuruwa don su yi cacar baki a kan wane ne ya yi wane. Amma abin da aka kafa shi dominsa bai samu ba. Shekara tara a jere, duk inda ya ɓoye aikin Bahago sai jama'a sun shinshino shi sun yi dafifi a gabansa. Nasa kuwa, da kunnensa ya sha jin ana wucewa ana cewa wannan ai na malamin makaranta ne, dubi yadda komai ya zauna a layi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Bahago ko a jikinsa. Zai zo a makare da fenti bai gama bushewa ba, ya ce Yaya a rataye duk inda aka samu wuri. In wani ya kushe aikin yayansa a gabansa, sai ya murtuke ya ce wanda bai san wahalar layi madaidaici ba ya yi shiru. Daidai ya fi son a zage shi da wannan kariya. Da a ce ƙanin mai girman kai ne, da ya samu abin kamawa. To ga mutum yana binka da ladabi yana ɗauke maka tsani, kai kuma kana kwana kana tashi da ƙyashinsa.

Shekarar 1993

A farkon 1993 wani marubucin jarida ya rubuta cewa hannun Bahago baiwa ce da ba mahaluƙin da zai iya kwaikwaya. Daidai ya karanta ya yi tsaki. Shi da ya rataye aikin ƙaninsa fiye da kowa ya san sirrin: mai zane da dama, shafar burushinsa takan kwanta ta gefe guda, ta bahago kuma takan kwanta ta ɗaya gefen, kuma wannan baƙuwar kwanciya ce ke ɗaukar idon mutane suna kiranta baiwa. Ya ƙudura zai nuna musu. Zai yi zane da hannun hagu, ya rataye, ya bari su gama zuba yabo, ranar rufewa ya manna sunansa ya ga yadda za su yi da fuskokinsu.

Ya riƙa kulle kansa a ɗakin ajiya da rana, lokacin da Zaure ke rufe don hutu, ya cusa hannun dama a aljihu ya kama burushi da hagu. Ya zaɓi abin da yake ganin Bahago zai iya zaɓa: mahaifiyarsu ta ba da baya tana shanya a tsakar gida. Hannun ya ƙi yi masa biyayya. Layi ya ƙi miƙewa, fenti yana zuba inda ba a aike shi ba, ya so ya gyara ya kasa, haushi ya sa ya ci gaba a haka. Da ya daina kokawa da layi sai abubuwa suka riƙa zuwar masa waɗanda bai san yana riƙe da su ba: yadda take cije maƙalan shanya a baki, yadda gefen zanenta ke jiƙewa ya manne a ƙwauri, yadda take ɗaga dunduniya in igiya ta yi mata tsawo. Ranar da ya gama ya ja baya ya zauna a kan akwati ya daɗe yana kallo, sai ya ji tsoro ya kama shi, don bai taɓa yin abu irin wannan ba kuma bai san yadda aka yi ya yi shi ba. Ya rataye shi a tsakiyar bangon gaba.

A ranar buɗewa duk wanda ya shigo da surutu sai ya yi shiru a bakin ƙofa. Wata dattijuwa ta tsaya gaban zanen tana share ido da gefen mayafi. Aka yi ta bubbuga kafaɗar Bahago ana cewa bana kam ya gama da kowa, shi kuma bisa doka bai amsa ba bai musa ba. Ya tsaya gaban zanen ya daɗe, sannan ya bi yayansa lungun baya inda yake gyara wata ƙusa da ba ta buƙatar gyara.

"Yaya," in ji shi, "fason ƙafarta. Ni na manta da fason ƙafarta."

Daidai ya ce bai san abin da yake nufi ba, kuma doka ta hana wannan magana.

"To na yi shiru. Amma ni ba zan iya wannan ba, ko zan shekara ina yi. Ranar rufewa ka bar ni in manna katin da hannuna, ina so in ga idon mutanen nan."

Ya faɗa yana dariya, ya koma cikin jama'a. Yabon da Daidai ya yi shekara talatin da biyar yana jira ya zo, daga bakin da ya fi kowane nauyi a wurinsa, kuma ya ji daɗinsa ƙwarai. Duk da haka sai da wani abu ya soke shi, ganin yadda ƙanin ya miƙa yabon a sauƙaƙe ba tare da ya rage shi da komai ba. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, yana tattalin maganar don ranar rufewa.

Ana cikin makon ƙarshe na baje kolin, tsani ya zame da Bahago daga hawa na biyu na wani kanti da yake rubuta wa allo, domin bai taɓa barin tsohuwar sana'arsa ba. Aka kai shi asibiti bai san inda yake ba, washegari rai ya yi halinsa, bai ce uffan ba. Yana da shekara arba'in da ɗaya.

Daidai ya so a soke bikin rufewa, amma matar marigayin ta aiko ta roƙi a yi. Zaure bai taɓa cika irin ta ranar ba. Katin da ya rubuta sunansa tun kafin rasuwar yana cikin aljihun rigarsa. Aka bi zane-zane ɗaya bayan ɗaya ana mannawa, har aka zo bangon gaba, inda matar take tsaye da marayunta uku.

"Yaya," ta ce, "ashe abin da yake fita yi ke nan da rana bai gaya mini ba. Don Allah ka ba ni katin in manna masa da kaina."

Ya dubi ɗakin. Ba wanda bai san shekarun da ya yi yana kai aikin ƙaninsa lungun banɗaki ba. Shi kaɗai ke karɓar aiki, ba shaida, ba sa hannu, kuma shi ya kafa dokar da bakinsa. Mutum ɗaya tak ya san gaskiya, shi ma yana ƙasa. In ya zaro katin nan, kafin ya kai bango za a ce kabari bai bushe ba ya yi wa marayu fashi. Tausayin matar ya taɓa shi, amma tsoron bakin mutane ya fi yawa. Ya je teburinsa ya ɗauki sabon kati, ya rubuta sunan ƙaninsa da kyakkyawan rubutunsa na malamin makaranta, ya miƙa mata. Ta manna shi a karkace, ya sa yatsa ya daidaita.

Shekarun da suka biyo baya

Zanen ya yi suna da Mai Shanya, aikin ƙarshe na Bahago. Gidan adana kayan tarihi ya nema, masu hali suka nema, matar ta ce ba na sayarwa ba ne, kuma ba inda za shi, ya zauna inda mijinta ya bar shi. Ta haka bangon gaba ya zama na Bahago dindindin, kuma kowace safiya Daidai ne ke buɗe ƙofa ya tarar da hasken taga a kan aikin hannunsa da sunan wani a ƙasa.

A 1995 abin ya ci ƙarfinsa, ya zaunar da matarsa ya gaya mata komai daga farko. Ta saurare shi har ya gama, tana ninke kayan yara.

"Malam," ta ce, "yana raye ba ka bar shi ya sha iska ba. Yanzu a kabarin ma sai ka bi shi? Ka ji tsoron Allah, kada 'ya'yanka su ji wannan magana."

Bai ƙara tayar mata da zancen ba. A 1999 wani malamin jami'a ya wallafa littafin nazari a kan Bahago, inda ya duba Mai Shanya da gilashin ƙara girma, ya tabbatar da hujjoji cewa kowace shafa ta burushi daga hannun hagu ta fito, don haka ba shakka a kan mai aikin. A wani babi ya kwatanta 'yan'uwan biyu, ya kira babban mai tsabtataccen hannu wanda bai taɓa yin kasada ba, sannan ya gode masa a gabatarwa da sunan yayan marigayi. A Zaure aka ƙaddamar da littafin, kuma Daidai ne ya jera kujeru.

Idan ɗaliban makarantu suka zo ziyara shi ke yi musu bayanin zanen, kuma ba wanda ya kai shi iya bayaninsa. Amma wani lokaci sai a ji yana kushe shi, yana cewa kwandon ya karkace, igiyar ba ta da mafari. Mutane suka ce har yanzu hassadar mamaci ba ta sake shi ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Yana hassadar ƙaninsa a kan abin da shi da kansa ya yi, kuma ya san ba wanda zai kai wa wannan ƙara.

Hanya ɗaya ta rage masa, ya sake yin wani kamarsa, ya sa hannu, duniya ta haɗa biyun ta gane. A 2001 ya miƙa wa babbar 'yarsa ragamar Zaure, ya riƙe makullin ɗakin ajiya kawai, ya koma kulle kansa da rana. Abin bai dawo ba. Yawan gwaji ya sa hagun ta koyi ladabi, ta fara jan layi a miƙe kamar 'yar'uwarta, kuma duk matar da ya zana sai ta fito tsaf, ba inda za a gyara. Ya gwada rufe ido ɗaya, ya gwada tsayawa nesa da dogon burushi, ya gwada tuno haushin da ya yi aikin farko da shi, amma wanda yake jin haushin ba ya nan.

Autarsa, wadda aka haifa a 1988, a gaban Mai Shanya ta girma, tana zaune a ƙasa da fensir tana kwaikwaya tun ba ta iya rubuta sunanta ba. Ta shiga kwalejin zane a 2007, kuma a baje kolin da ba suna na 2012 a gaban aikinta jama'a suka taru. Da 'yan jarida suka tambaye ta malaminta, ta nuna bangon gaba ta ce duk abin da ta sani daga zanen Baffa ta koya. A 2014, wata rana da suka rage su biyu a Zaure, ya tsaya kusa da ita ya tambaye ta ko ta san wanda ya yi zanen nan. Uwarsu ta riga ta ja wa yaran kunne cewa mahaifinsu yana da rauni a wannan wuri, don haka ta kama hannunsa a hankali ta ce, "Baba, don Allah kada mu fara." Ya ce to, ya tambaye ta ko ta ga inda ya ajiye tabaransa.

Rasuwa

A ƙarshen 2015 ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya yi jinya tsakanin gida da asibiti, matarsa na kansa ba dare ba rana. Allah Ya yi masa rasuwa a gidansa a tsakiyar shekarar 2016, yana da shekara sittin da takwas. Aka yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar gari, ba nisa da ƙaninsa. Masu zane na garin da na nesa sun halarta da yawa, kuma waɗanda suka yi magana a wurin ta'aziyya sun yabe shi da riƙon amana, musamman yadda ya kula da aikin ɗan'uwansa shekara ashirin da uku bai bari ƙura ta hau shi ba.

Bayan an watse aka buɗe ɗakin ajiya. Aka tarar da ƙyallaye jingine tun daga ƙasa har kusa da rufi, dukkansu mace guda ce ta ba da baya tana shanya. Babbar 'yar ta duba kaɗan ta kasa ci gaba, ta ce ashe duk shekarun nan Baba yana nan yana ƙoƙarin kwaikwayon Baffa, kuma ko kusa bai kai ba. Uwarsu ta ce a rufa masa asiri. Aka shafe su duka da farin fenti, aka raba wa ɗaliban zane su yi aiki a kai.

Ya rasu ya bar matarsa, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa da ke riƙe da Zaure, ɗansa injiniyan ruwa, mai bi masa malamar lissafi, ƙaninta direban jirgin ƙasa, da autarsu mai zane, wadda duk wanda ya tsaya gaban aikinta yakan ce hannun baffanta ta ɗauko, ba ta bar komai ba.